Tafin da Ya Riga Lemuel Tashi

Pinder Creek, Jojiya
Lahadi da yamma

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarki, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Anti Geneva da duk mutanen gida a Detroit. Yaya ƙafar taki, yaya kuma sanyin da ya fara shigo muku? Na san da waya na buga, da sai in yi ta ihu unguwa duk ta ji ke ba ki ji ba, tunda kin rantse ba za ki saka abin kunnen nan da aka saya miki ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Jikanki Lemuel ya ji rauni a wasan ƙwallon Amurka na ranar Juma'a. Kada hankalinki ya tashi, yana magana, yana dariya, yana cin abinci kamar gara. Gwiwar hagu ce. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe da ita ta tsinke, sai kumburi ya saɓe a yi masa aiki, kuma bana kam shi da ƙwallo sai kallo.

'Yan garin Redbank ne suka zo filinmu, kuma tun kafin hutun rabin lokaci sun yi mana nisa. Ba zan ɓoye miki ba, ranar ba ta Lemuel ba ce. Yaron da shekara uku shi ne mai jifa na ƙungiyarmu ta Bijimai, shi ke tsara wasa, shi ke raba ƙwallo, sai ga shi yana jefa wa abokan hamayya a hannu kamar su suka aike shi. Da aka dawo daga hutu ya karɓi ƙwallo, ya ja da baya yana neman wanda zai jefa wa, bai ga kowa ba, sai ya ruga da kansa. Ya dasa ƙafa zai karkata, haƙoran takalminsa suka kafe a sabuwar ciyawar robar nan. Jiki ya juya, ƙafa ta ƙi juyawa. Babu wanda ya taɓa shi ko da ɗan yatsa.

Ban san yadda na sauko daga benci ba. Ina zaune a layin gaba kusa da ƙawata Verlene kamar kullum, da ledar dafaffiyar gyaɗa a cinyata, sai kawai na gan ni na haura shinge ina gudu a tsakiyar fili. Ni da ko matakalar majami'a sai na huta a rabi. Yaran ɓangarorin biyu duk suka durƙusa da gwiwa ɗaya. Ke kika koya mini ƙa'idar nan tun ina cin gyaɗa da ɓawo: in yaro ya faɗi a yi tsit, ko tari ba a yi, sai an ɗaga shi ko ya ɗaga babban yatsa, sannan a tafa masa. To ina durƙushe a kansa, ina share masa baƙin garin tayar nan da ake barbaɗa wa filin, wanda ya manne masa a kumatu, sai na ji tafi yana saukowa daga ɓangarenmu. Mama, tafin nan shi ya riƙe ni ban faɗi ba. Na ce a raina, komai lalacewar garin nan, mutanensa sun san ɗansu.

Verlene ta biyo mu asibiti. Ba ta ma tsaya ganin ƙarshen wasan ba, kuma kin san Verlene, ranar da ta aurar da 'yarta ma sai da ta tambayi sakamakon wasa a bakin ƙofar majami'a. Ta riƙe hannuna, ta yi kuka har ta fi ni, tana ta cewa, "Dessa, yaronmu ne, yaronmu ne." Jiya kuma sai ga ta da kek ɗin dankali mai zaƙi, irin wanda Lemuel ke so tun ranar da ta riƙe shi a wurin baftisma ya yi mata fitsari a farar riga. Na gode wa Allah da ya ba ni ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne ciyawar. Shekara biyu muna soya tarwaɗa muna sayarwa a bakin titi, ni da Verlene da sauran 'yan ƙungiyar magoya baya, don a shimfiɗa ta. Ita ce shugaba, ni ce mai kaskon suya, har yau hannuna akwai tabon mai. Muka yi ta alfahari mun yi fili irin na manyan birane, ba taɓo, ba rami. Yanzu in na wuce ta wurin sai in kau da kai.

An cinye mu, in ma kina son sani, kuma na san kina so. Ki sa Lemuel a addu'a. Ki gai da Anti Geneva, ki ce mata ta daina ba ki gishiri.

Taki har kullum,
Odessa


Pinder Creek, Jojiya
Asabar

Mamata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gai da mutanen gida, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Wasiƙarki ta iso shekaranjiya, Lemuel ya karanta ta da ƙarfi yana kwaikwayon muryarki. Wurin da kika ce wanda ya ƙi ciyawar da Allah ya shuka ya je ya sayo ta kanti to ya shirya sayo gwiwar kanti, sai da ya yi dariya har ya riƙe ƙafa. Jikin da sauƙi, ya fara saba wa sandunan dogarawa, har yana tsere da karen maƙwabta.

Ni ce ba ni da lafiya, kuma ba ciwon likita ba ne. Bari in ba ki labari tun daga farko.

Wannan makon Bijimai ba su da wasa, saboda haka bakin mutanen gari ya samu hutun da zai yi aiki. Da safen nan na shiga gidan abincin Mista Cleophus in karɓo wa Lemuel soyayyar kaza. Kin san teburin nan na can ƙurya, inda tsofaffin nan ke zama da kofi ɗaya har azahar, kowa kociya ne, kowa likita ne. Ina tsaye bayan firjin lemo ba su gan ni ba. Roscoe mai aski ne ke da bakin magana.

Cewa yake, "Wannan ai ba fili ba ne, darduma aka shimfiɗa wa siminti. Ciyawar Allah in ka dasa ƙafa sai ta yage ta sake ka. Wannan kuwa tarko ce, in ta kama sai dai gwiwa ta saki. Ku je ku tambayi manyan 'yan wasa, duk kuka suke da ita."

Dikin Purvis na majami'armu ya ce, "Kai dai Roscoe ba ka son sabon abu, shi ya sa har yau askin zamanin kakanka kake yi wa mutane. Da muke wasa a taɓo ba a karyewa? Haƙoranka na gaba ina ka baro su, ba a ciyawar Allah ba?"

Aka kwashe da dariya. Har ni na ɗan murmusa, don gaskiya ne, giɓin Roscoe mota sai ta wuce. Daga nan suka koma kan wanda zai gaji Lemuel. Wani ya ce Boone, yaron nan dogo ɗan aji biyu. Roscoe ya ce, "Boone? Hannu kam akwai, amma in ya jefa sai an je wurin ajiye motoci a ɗauko ƙwallon." Wani ya ce to Jamar, ɗan gidan Whitlow, wanda ya ƙarasa wasan ranar. Roscoe ya ce Jamar sai an ɗora shi a kujera kafin ya hango abin da ke gaban masu tare masa hanya. Ban ji haushi ba, Mama. Ƙwallo ce, dole wani ya jefa ta, kuma ni ma na sha zama ina yanka 'ya'yan mutane haka.

Sai Dikin Purvis ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku bar wahalar da kanku, jama'a sun riga sun zaɓa. Ba ku ji tafin da aka yi ba da Jamar ya ɗauki hular kwanonsa? Yaron Odessa na kwance ko motsi bai yi ba, filin ya ɗauka. Kuma daga layin gaba ya fara, wurin shugabar ƙungiya da kanta. In Verlene ta tafa, ai magana ta ƙare."

Mista Cleophus ya hango ni, ya yi gyaran murya irin ta mai shaƙe da ƙashin kifi. Dikin ya juyo, fuskarsa ta canza nan take ta koma irin ta ranar Lahadi, ya ce, "A'a, Mis Odessa, yaya jikin yaron namu? Muna ta addu'a." Na ce masa na ji addu'ar tun daga farko har amin. Na karɓi kazata na fita, ban ko jira miya ba.

A mota na yi ta faɗa da kaina. Na ce Purvis tsohon maƙaryaci ne, mutumin da ya ce ya taɓa kama tarwaɗa mai girman ɗan maraƙi. Amma da na zauna na tuna daren, sai lissafi ya ƙi fita. Lokacin da na ji tafin nan ina durƙushe ne, Lemuel na kwance, hannunsa biyu a kan gwiwa. Bai ɗaga yatsa ba. Ba a ma kawo 'yar motar ɗaukar masu rauni ba. Ni da na san ƙa'idar nan kamar sunana, tsoro ya sa ban lura tafin ya yi sauri ba. Na ɗauki abin da aka jefe mu da shi na rungume, har na rubuto miki ina godiya.

Da na isa gida na tambayi Lemuel. Ya kalli kazar ya ce, "Na ji, Mama. Ina kwance na ji. Na ɗauka kin sani kike ɓoye mini." Mako guda yaron nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana yi mini dariya don kada in damu. Na tambaye shi ko ya ga wanda ya fara, ya ce sama kawai yake kallo da fitilu.

Garin ban damu da shi ba. Taro ba shi da fuska, kuma mutum in ana cinsa a gidansa yakan yi hauka. Amma Verlene fa? Tun muna aji ɗaya muke raba alawa. Ita ta yi mini kwalliya ranar aurena, ita ta tsaya kusa da ni ranar da aka binne uban Lemuel. Kujerata ko hucewa ba ta yi ba lokacin da ake cewa ta tafa. Har yanzu ina cewa ƙila Purvis wata ya gani, layin gaba ai ba ita kaɗai ba ce mai jar hula. Ta bugo waya sau da yawa yau ban ɗauka ba, don ina tsoron abin da muryarta za ta gaya mini.

Kada ki rubuta mata, na san halinki. Ki bar ni in ji daga bakinta. Ki huta lafiya, Allah ya ƙara miki ƙarfi.

'Yarki,
Odessa


Pinder Creek, Jojiya
Juma'a da yamma

Mama,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ki gai da Anti Geneva. Yau gaisuwata gajera ce, ki yi haƙuri.

Verlene ta zo ranar Talata, da wani kek ɗin dankalin a hannu, an rufe shi da tawul mai zanen Bijimai. Da na gan ta a bakin ƙofa zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce ta gane, ta zo ba da haƙuri, kuma na rantse miki da ta buɗe baki ta ce ta yi kuskure da na yafe mata kafin ta rufe shi. Na zuba mata shayi mai ƙanƙara, muka zauna a kicin, ban yi wani kwana-kwana ba na tambaye ta ko ita ta fara tafin.

Sai ta kama maganar ciyawa. Wai mutane na yi wa filin ƙazafi, wai kamfanin da ya shimfiɗa shi ya nuna musu takardun gwaji, wai ana samun irin raunin nan ko a wane fili. Har da cewa kociya ma ya sha gaya wa Lemuel yana riƙe ƙwallo ya daɗe, da ya jefar da ita da wuri da bai kai ga gudun ba. Kin ji fa. Ciyawar da muka soya wa kifi ba ta da laifi, ɗana ne mai laifi. Na bar ta ta gama, na ce ba abin da na tambaye ki ke nan ba.

Sai ta sunkuyar da kai tana juya ƙanƙarar cikin kofi, ta ce, "Dessa, ana cinmu a gidanmu, kuma 'yan Redbank ne. Na ɗauka jijiya ce ta ɗaure masa, zai tashi ya ɗingisa ya fita. Na hango Jamar ya sa hula, hannuwana suka yi da kansu. Ba faɗuwarsa na tafa wa ba, canjin na tafa wa. Ke ma kin san ya kamata a cire shi tun kafin hutu."

Na ce, "Verlene, yaron da kika riƙe a gaban fasto."

Ta ce, "Shi ya sa na bi ku asibiti."

Mama, ban taɓa jin magana ta yi mini ciwo irin wannan ba. Ashe kukan da ta yi a asibiti ba namu ba ne duka, rabinsa na kunyarta ne. Ta riƙe hannuna da hannun da ta tafa, ta bar ni ina yi mata godiya. Kuma har ta tashi kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne ai ba ita kaɗai ba ce, kowa ya tafa. Na ce mata kowa ba shi ya ci abinci a kwanona shekara arba'in ba.

Na ɗauka nan abin ya tsaya. Ashe ban san me ya kawo ta ba. Ta ɗauki jakarta, maimakon ta nufi ƙofa sai ta leƙa ɗakin Lemuel, ta sa muryar nan tata mai zuma. Wai Jamar bai gama haddace alamomin da kociya ke yi da hannu ba, yana rikicewa in an matsa masa. Wai in Lemuel zai daure ya zauna da shi kwana biyu ya koya masa, ya kuma tsaya a gefen fili ranar Juma'a yana raɗa masa, to ƙila Bijimai su kai wasannin ƙarshen shekara. Wai don garinmu. Kek ɗin ashe ba na ban haƙuri ba ne, na roƙo ne.

Ina tsaye a bayanta ina jiran ɗana ya kore ta. Sai na ji ya ce, "To, Anti Verlene. Ki ce masa ya zo gobe bayan makaranta."

Bayan ta tafi na sauke masa kwandon faɗa. Na ce ba ka da zuciya ne, ko ƙwallon ta cinye maka ita? Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Mama, Jamar bai tafa ba, durƙusawa ya yi har sai da kociya ya miƙa masa hula. Kuma har yanzu ƙungiyata ce." Na san gaskiya ya faɗa, na san kuma tarbiyyar da na ba shi ke nan, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Fushin da nake yi dominsa nake yi, shi kuma ya tafi ya bar ni da shi ni kaɗai. Kek ɗin ma da na ce ba za a taɓa ba, kafin gari ya waye ya cinye rabi.

Jamar ya zo Laraba, ya zo Alhamis. Yaro mai ladabi, ya cire hula a bakin ƙofa, komai na ce sai ya ce to, Mis Odessa. Na so in tsane shi abin ya gagara, har na ƙara masa shinkafa.

Ɗazu motar Verlene ta tsaya a ƙofar gida, ta yi oda. Ba ta shigo ba, ni ma ban fita ba. Ta labule na ga ta fito ta buɗe wa Lemuel ƙofar baya, ta karɓi sandunansa, ta tallafi ƙafar da hannu biyu a hankali ta ɗora a kujera, kamar yadda ni zan yi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, tana son yaron, ban taɓa shakka ba. Ta dai fi son a ci wasa, kuma sai da na kai wannan shekarun na sani.

Yau ce Juma'ar farko da ake wasa a gida ba ni a wurin tun ina 'yan mata. Na rufe tagogi amma kin san gidanmu da filin, komai ana ji. Tun da na fara rubutun nan sau biyu filin ya ɗauka da ihu irin na an ci, ke nan darasin Lemuel ya shiga. Gobe teburin Mista Cleophus zai ce dama Jamar ya kamata a sa tun farkon shekara, maganar ciyawa kuma ta mutu, tunda ba a tuhumar filin da aka yi nasara a kansa.

Filin zan iya daina zuwa. Majami'a ce ban san yadda zan yi da ita ba. Jibi Lahadi ƙungiyar mawaƙa ce da hidima, Verlene kuma a damana take tsayawa tun muna 'yan mata, kafaɗa da kafaɗa, kuma kin san waƙoƙinmu babu wadda ba da tafi ake yinta ba. Zan tsaya a gaban Ubangiji da jama'a, hannuwan nan suna bugawa dab da kunnena, ana so in buɗe baki in yi yabo. Ke da kika fi ni shekaru da sanin mutane, ki gaya mini yadda ake yi, don ni kam ban iya ba.

Ki kula da kanki, ki riƙa shan maganinki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Odessa